Ya Danganta da Inda Ka Tsaya

Zalɓe uku ta zana a allo,
dogayen wuya, a jere, ba ruwa a ƙarƙashinsu.
Malama Hollingworth ta kakkaɓe alli daga hannunta,
ta ce tarawar ba ita ce wuya ba,
ko yaro zai tara in an nuna masa abin tarawa.
Wuyar ita ce sanin inda abu ya fara
da inda ya ƙare.
Ku zana tukuna, in ji ta. Wanda bai zana ba ya ɓata.

Ban zana ba. Na kuwa ɓata.

Bas ta sauke ni a tudun Crookes,
ruwan Sheffield na yayyafi kamar mai jin nauyin sauka.
Matakala talatin da takwas
zuwa ɗakin da nake haya a hammatar rufi,
inda duk na miƙe daga sallah ban lura ba
katako ke gaisawa da ƙeyata.

Daren nan gaisuwar ta yi ƙarfi.
Ina zaune ina mulmula ƙulun, sai na gane:
ashe a cikin tambayar nake kwana.

Ga daɓe, shi ne sifili.
Ga rufi, mita biyu a bakin ƙofa,
yana rusunawa, yana rusunawa,
har goshinsa ya taɓa ƙasa can inda nake tura akwati.
Shi ke nan z:
daga tafin ƙafa zuwa inda kai ke buguwa,
kuma ba tsayi ɗaya ba ne,
ya danganta da inda ka tsaya.
Na hasko ɗakin daga sama a zuci,
inuwarsa ta kwanta a ƙasa, huɗu a tsawo, uku a faɗi,
x da y suka raba ta tsakaninsu ba gardama.

Na tara daga ciki zuwa waje, kamar mai ɓare albasa a juye.
Amsa ta fito sha biyu,
da ɗan layin ragi a gabanta.
Ɗakin da bai ma kai babu ba!
A kansa Mista Pickersgill ke karɓar fam casa'in duk Juma'a?
Na yi dariya har na ƙasa ya buga silin da tsintsiya.
Ni ne na sa rufi a ƙasa, na ɗora daɓe a sama.

Na gyara. Sai ga tsohon bututun hayaƙi da aka toshe
ya ci kusurwa ɗaya,
ga taga ta tura kanta waje kamar mai leƙen maƙwabta.
Babu ɗakin da ke bin littafi.
Dole a yanka shi gida biyu, gida uku,
kowane yanki da nasa iyakoki.

Na tuna Kawu Jatau mai haƙar rijiya a Gumel.
Bai taɓa ganin zalɓen nan ba.
Turke yake kafawa, ya ɗaura igiya, ya zagaya sau ɗaya,
ya dubi ƙasa, ya tofar da goro,
ya ce mangala kaza za ta fito kafin a ji danshi.
Igiya, zagaye, zurfi.
Ya san ƙasar bakin da'ira ta fi ta gindin turke yawa,
wannan ƙaramar r ɗin
da nake mantawa duk jarrabawa, maki biyu su tafi.

Ƙarfe ɗaya na dare na rufe littafi.
Sha biyu, a cire bututu, a ƙara taga,
a cire gado, a cire akwati, a cire ni.
Abin da ya saura iska ce,
ita nake saya wa ɗumi da katin gas.

Da safe Inna ta kira, muryarta na yankewa.
Ta ce, ɗakin naka dai, yana da girma?
Na shafa ƙeya.
Na ce, Inna, daga bakin ƙofa, ba laifi.